Ɗan Hakin da Ka Raina: Ƙananan Karnuka da Sakacin Masu Su

A unguwannin manyan ma'aikata da gidajen malaman jami'a na birane irin su Kaduna da Jos da Zariya da Abuja, akan ga wani abu bayan la'asar wanda a da ba a cika ganinsa ba. Mutum ne zai fito riƙe da igiya, karensa na gadi yana gefensa, yana zagayawa da shi domin ya miƙe ƙafa bayan ya wuni a ɗaure. Yana cikin tafiya, sai wani ɗan kare fari mai yalwar gashi, wanda girmansa bai wuce na muzuru ba, ya zaburo daga wata ƙofa da aka bari a buɗe. Yana haushi kamar maƙogwaronsa zai tsage, ya nufi ƙafafun babban karen, ya kai cizo, ya ja da baya, ya sake dawowa. Mai babban kare kuwa yana ta kokawa da igiya har tafin hannunsa ya yi ja. Can sai ga mai gida ya leƙo, waya a kunne, yana murmushi. "Haba Malam, kwantar da hankalinka, ai ba ya cizo. Wasa yake yi." Idan aka yi ƙarfin hali aka ce, "Alhaji, da dai an riƙa rufe ƙofar nan," amsar ba ta wuce, "Wannan ɗan abin? Me zai yi wa wannan zakin naka?"

Wannan magana ta "ai ba ya cizo" ita ce tushen matsalar. Babu kare mai haƙori da za a yi wa wannan shaida a kwana lafiya. Abin takaicin shi ne, a cikin mutanen nan biyu, wanda ya sauke nauyin da ke kansa shi ne ke cikin haɗari. Ya ɗaure dabbarsa, ya riƙe ta, ya bi gefen hanya. Amma da haƙurin babban karen zai ƙare ya mayar da martani sau ɗaya tak, to ƙaramin ba zai kai labari ba, kuma kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa karen wane ya kashe na wane. Ba mai tambayar wanda ya fara, ba kuma mai tambayar wanda ya bar ƙofa a buɗe. Girman jiki kawai za a duba a yanke hukunci. Alhali kuwa alhakin irin wannan fitina yana wuyan mai ƙaramin kare ne, kuma ƙanƙantar dabba ba ta rage wa mai ita ko ƙwayar zarra daga nauyin kula da ita.

Ɗalibin nahawun Hausa ya san kalmomin nan ɗan da 'yar da 'yan, waɗanda masana suka laƙaba wa suna tsigalau, masu nuna ƙanƙantar abu. Aikinsu bai tsaya ga auna girma ba. Bahaushe yakan yi amfani da su wajen sassauta magana da rage nauyin laifi. Wanda ya ce "ɗan ba ni ruwa" roƙo yake yi cikin ladabi. Wanda ya ce "na ɗan makara" kuwa afuwa yake nema tun kafin a tuhume shi. To, a saurari mai ƙaramin kare bayan an yi ɓarna: "ɗan karen nan ne ya ɗan yaƙushe shi," ko kuwa "ya ɗan taɓa shi da haƙori." Tsigalau biyu a jimla ɗaya, kowanne yana zaftare wani yanki na alhaki, har a wayi gari jimlar ba ta ɗauke da laifin kowa. A lura kuma da wanda aka ɗora a gurbin aikau. Kare ne ya fita, kare ne ya ciza. Mutumin da ya ƙi sakaya ƙofa ba ya bayyana a jimlar sam. Harshe ya wanke shi tun kafin a kai ƙara gun mai unguwa.

Binciken masana halayyar dabbobi bai goyi bayan wannan sassauci ba. A shekarar 2008, James Serpell na Jami'ar Fensilbeniya da ke Amurka, tare da abokan aikinsa biyu, sun fitar da sakamakon wani nazari da suka yi kan nau'o'in karnuka sama da 30, ta hanyar tambayar masu karnukan game da halin dabbobinsu. A jerin karnukan da suka fi cizon mutane ko yunƙurin cizonsu, baƙi da 'yan gida baki ɗaya, an sami wasu ƙanana guda uku: Dakshun mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, da Ciwawa wanda galibi nauyinsa ba ya wuce kilo 3, da kuma Jak Rasal. Hasali ma, fiye da kashi 20 cikin 100 na karnukan Jak Rasal an ba da rahoton cewa suna kai mummunan hari ga karnukan da ba su sani ba, wato sun shiga sahu ɗaya da manyan karnukan da ake tsoro. Masu binciken sun ja hankali ga wani abu muhimmi: alƙaluman asibitoci suna karkata ga manyan karnuka ne, saboda cizonsu shi ke kai mutum gaban likita, na ƙanana kuwa akan shafa magani a gida a yi shiru. Shekaru biyu bayan haka, a 2010, wasu masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka tambayi masu karnuka sama da 1,200. Sun gano cewa ƙananan karnuka sun fi manya rashin biyayya da saurin fushi da firgita, kuma masu su sun fi sakaci wajen horo, sun fi rashin tsayawa kan doka ɗaya. A 2021 ma, nazarin da aka yi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan kan karnuka fiye da 9,000 ya nuna cewa ƙanƙantar jiki da tsoro da rashin gogewar mai kare suna cikin abubuwan da ke tafiya tare da faɗa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa munanan raunuka da asarar rai ta hanyar yagar nama, manyan karnuka ne suka fi haddasa su. Wannan gaskiya ce da ba mai musunta. Sai dai ita ce kuma ta sa ake horar da babban kare, ake ɗaure shi, ake saka masa takunkumi, domin mai shi ya san abin da zai biyo baya idan ya yi sake. Ƙarami kuwa an bar shi yana cin karensa babu babbaka. Idan ya yi gurnani sai a yi dariya, idan ya ɗare kan baƙo sai a ce yana son mutane, idan ya kai wa wani kare hari sai a ɗauke shi a rungume ana shafa masa kai. Dabba ba ta san wasa da gaske a wannan fage ba. Abin da ta fahimta shi ne, duk lokacin da ta yi faɗa ana saka mata da runguma. Yau a hana, gobe a ƙyale, jibi a doka: wannan shi ne rashin tsayawa kan doka ɗaya da masanan Biyana suka ambata, kuma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san irin yaron da wannan tarbiyya ke haifarwa.

Akwai kuma batun asali, wanda masu sayen irin waɗannan karnuka ba su cika tambaya ba. Dakshun a Jamus aka samar da shi domin ya kutsa cikin rami ya yi artabu da naman dawa. Jak Rasal a Ingila aka samar da shi cikin ƙarni na 19 domin koro yanyawa daga raminta. Lasa, wato farin nan mai gashi da ya yawaita a gidajen masu hali a Nijeriya, aikinsa na asali a ƙasar Tibet shi ne tsaron cikin gida da sanar da zuwan baƙo. Wato ke nan, an ƙanƙanta jikinsu amma ba a ƙanƙanta zuciyarsu ba. Wanda ya sayi irin wannan dabba da zaton ya sayi abin wasan yara, bai san abin da ya shigo da shi gida ba. Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi cewa daga mako na 3 zuwa wajen mako na 14 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake sabawa da mutane da sauran dabbobi. Wanda aka kulle a falo duk tsawon wannan lokaci, ranar da ya fara ganin titi komai abokin gaba ne a wurinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe ba baƙo ba ne ga horon kare. Mafarauci ya san karnukansa ɗaya bayan ɗaya, ya san mai zafin zuciya da mai sanyi, kuma idan zai ratsa gari da su yakan sa su a igiya. Makiyayi ma haka, ga kuma Buzayen yankin Azawak na Nijar da Mali, waɗanda siririn karensu mai gudu ya shahara har ana kiransa da sunan yankin a ƙasashen Turai. A wurin waɗannan mutane kare ma'aikaci ne, yana da aiki, yana da iyaka. Matsalar tana ɓullowa ne daga ɓangarori biyu da suka yi hannun riga da juna amma suka haɗu a sakamako. Na farko shi ne mai raina kare, wanda ya ajiye shi amma bai ɗauke shi abin da ya cancanci ciyarwa ko magani ba, sai ya sake shi ya nemi abinci a juji. Harshen Hausa cike yake da shaidar wannan raini, tun daga zagi da sunan kare har zuwa kiran yaron direba karen mota. Na biyu shi ne mai shagwaɓa kare, wanda ya kwaikwayo ajiye shi daga finafinan Turawa amma bai kwaikwayo igiya da rajista da allura ba. Dukansu biyu sun saki dabba a kan hanyar jama'a.

Da a ce abin ya tsaya ga hayaniya da yagewar wando, da sai a ce a yi haƙuri da juna. Amma a wannan yanki na duniya, kowane cizon kare yana ɗauke da wata tambaya mai nauyi, wato ta ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan kashi 95 cikin 100 a nahiyoyin Afirka da Asiya. Kare ne sanadin har kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta rauni, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 2 zuwa 3, ko da yake takan yi sauri cikin mako guda ko ta yi jinkiri har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, to kusan babu mai tashi. Ƙwayar cuta ba ta auna kare a sikeli kafin ta shige shi. Kwikwiyo yana ɗaukar ta, ɗan farin nan na falo ma yana ɗaukar ta idan yana fita yana cuɗanya da karnukan juji. Ƙaramin rauni ya ishe ta ƙofa, har da yaƙushi, har da lasar wurin da fata ta buɗe. Daɗin daɗawa, ƙaramin kare ya fi samun kusanci da ƙaramin yaro, yaro kuwa a hannu da fuska ake cizonsa, kuma iya kusancin rauni da kai iya saurin isar cutar ga ƙwaƙwalwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Maganin wannan ba sabon abu ba ne. Tun a watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar da ta cece shi a Faransa. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, yaɗuwar cutar takan yanke, kuma ta wannan hanya ƙasar Meziko ta sami shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da kamuwar mutane ta hanyar kare. A Nijeriya ma, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka, tana kuma gwajin gano cutar. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa. Mutumin da ya iya sayen kare da kuɗi masu yawa, ya iya saya masa sabulun wanka na musamman, amma ya kasa kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura, ba talauci ne ya hana shi ba.

Wani zai ce ai duk wannan dogon bayani bai taso ba, tunda ajiye kare a gida ba al'adar Musulmi ba ce, sai kawai a hana. Maganar tana da madogara. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kusan kowane zauren ilimi na ƙasar Hausa, ta taƙaita ajiye kare ga tsaron gona da rakiyar dabbobi da farautar neman abinci. Amma malaman da suka yi sharhi a baya sun faɗaɗa izinin zuwa tsaron gida idan akwai tsoron ɓarayi, har suna ruwaito cewa shi kansa mai Risala ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Duk wanda ya san halin tsaro a yau ya san cewa karnukan gadi ba za su ɓace daga gidaje ba, kuma garuruwan Arewa ba na mabiya addini ɗaya ba ne. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce ta lamuni: idan dabba ta yi ɓarna, wa zai biya? A nan fiƙihu bai bar kowa cikin duhu ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani, inda aka ɗora wa masu dabbobi biyan ɓarnar da dabbobinsu suka yi da dare. Muhtasar na Shehu Halil kuwa ya ambaci kare mai cizo ƙarara, ya ɗora alhaki a kan mai shi matuƙar an riga an gargaɗe shi. Irin wannan hukunci yana cikin Littafin Fitowa, sura ta 21, game da sa mai tunkuyi wanda aka ja kunnen mai shi ya ƙi tsare shi. Haka kuma dokar ɗiyya da Nijeriya ta gada daga Ingila tana kama mai dabba idan ya san halinta na cizo. Duk hanyoyin nan uku sun ratsa ta wuri ɗaya, wato sani da gargaɗi. Ko ɗaya daga cikinsu bai ce a fara auna tsayin dabbar ba.

Ta fuskar hukuma ma akwai mai alhaki. Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa kula da ajiye dabbobin gida na sha'awa da zirga-zirgarsu a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Da wuya a sami mai kare da zai ce wani jami'in ƙaramar hukuma ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ya nemi ganin takardar allura. A Ingila, inda aka kwaikwayo wannan ɗabi'a ta yawo da kare, dokar 1991 ta haramta barin kowane irin kare ya fita daga iko har ya zama barazana, ba tare da la'akari da girmansa ba. A 2014 aka faɗaɗa ta ta shafi har cikin gida, aka kuma ƙara hukunci zuwa ɗaurin shekara 5 idan kare ya ji wa mutum rauni, da shekara 14 idan ya yi kisa. Tun daga 2016 kuma wajibi ne a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi. Ba lallai ne a kwafo duk wannan ba. Rajista a ofishin ƙaramar hukuma, da alama a wuyan kare, da tara ga wanda ya sake shi a titi, sun isa a fara da su.

Kafin hukuma ta farka, mai tafiya da karensa dole ya san yadda zai fitar da kansa. Abu na farko shi ne ido: ya riƙa hangen gaba, idan ya ga ƙofa a buɗe ko kare a sake, ya tsallaka ɗaya gefen ko ya juya tun da nisa. Juyawa a nan ba ragwantaka ba ce. Idan kuma an riga an yi kiciɓis, kada ya gudu, domin gudu yana tayar wa kare da sha'awar bi. Ya rage tsawon igiya ba tare da ya shaƙe dabbarsa ba, saboda shaƙewa tana ƙara mata fushi. Ya sa jikinsa a tsakanin karnukan biyu, ya daka wa mai zuwa tsawa da kakkausar murya sau ɗaya, ba ihu ba. Lema tana da amfani ƙwarai, domin buɗe ta farat ɗaya yakan firgita ƙaramin kare ya kuma kare masa gani. Sanda ma tana da amfani idan aka riƙe ta a matsayin shinge. Wasu kan watsa ɗan abinci a gaban mai harin, ya shagala, su wuce. Idan faɗa ya riga ya kaure, babban kuskure shi ne tura hannu a tsakanin bakuna biyu, domin kare a cikin faɗa ba ya bambance hannun ubangijinsa da wuyan abokin gaba. Ruwa a bokiti ko wani faffaɗan katako sun fi hannu. Shi ma mai babban kare yana da nasa rabon nauyi. Idan ya san dabbarsa ba ta da haƙuri, takunkumi ya zama dole, kuma ba daidai ba ne a miƙa igiyar kare mai kilo 40 ga yaron gida ɗan shekara 12.

Sai kuma magana da mai ƙaramin karen, wadda ta fi artabu da karen wuya. A tsakiyar hayaniya ba a cin ribar zance. Kowa kare kansa yake yi. Gara a bari ƙura ta lafa, a same shi a gida, a yi sallama, a gaisa. "Alhaji, jiya karenka ya fito ya far wa nawa. Na riƙe shi da ƙyar. Ina tsoron ranar da zai ƙwace, a yi abin da ba a so." Irin wannan lafazi yana nuna wa mutum cewa dabbarsa ake jiye wa, kuma sau da yawa ya fi barazana tasiri. Idan bai ji ba, a koma da shaida, daga nan sai mai unguwa. Wannan bin mataki yana da fa'ida ta shari'a, domin shi ne gargaɗin nan da Halil ya shardanta. Daga ranar, mai kare ba shi da bakin cewa bai sani ba. Abin da bai kamata ko kusa ba shi ne ajiye nama mai guba. Guba ba ta zaɓen baki. Kyanwar maƙwabci za ta ci, kaji za su ci, ungulu za ta ci, kuma yaro mai rarrafe yana iya kai hannu. Ban da haka, an hukunta wanda bai san laifi ba an bar mai laifin, wanda cikin mako guda zai sayo wani kwikwiyon ya sake barin ƙofa a buɗe. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowa.

Ɗalibin da ke shirin zama malami yana iya ganin wannan batu ya yi nisa da allo da alli. Ba haka ba ne. Yaran da zai koyar su ne ke bin lunguna da sassafe, su ne ke jifan karnuka, su ne ke rugawa da gudu idan an yi musu haushi, kuma su ne ke ɓoye cizo. Yaro ya san cewa idan ya faɗa a gida za a ce shi ya tsokano, a haɗa masa da bulala, saboda haka sai ya ja wando ya rufe. Malamin da ya saba da dukan duk wanda ya zo da ƙorafi ba zai taɓa jin irin wannan labari ba sai bayan wata biyu, lokacin da jin ba shi da amfani. Ya kamata a koya wa yara tun daga aji ɗaya cewa idan kare ya nufo su, su tsaya cak kamar bishiya, hannuwa a jiki, kada su zura masa ido. Idan ya kayar da su, su dunƙule su rufe fuska da wuya. Kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa, komai ƙanƙantarsa da kyan gashinsa. Ranar 28 ga Satumba, wadda tun 2007 aka keɓe domin yaƙi da ciwon haukan kare a duniya, dama ce ta yin wannan darasi a taron safe.

Idan kuma aka kawo wa malami yaron da aka ciza, aikin farko na hannunsa ne. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. A sa aidin idan akwai. Kada a cusa barkono ko toka ko garin magani, kada kuma a ɗaure shi tamau. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da raunin bai fi tsinin allura ba. Allurar bayan cizo ana yin ta ne kashi-kashi: ranar da aka je, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, wani tsarin ma da ƙari a gaba, kuma sai malami ya bibiyi iyaye, domin da yawa sukan tsaya bayan ta farko idan sun ga rauni ya warke. A aika wa mai karen ya kawo takardar rigakafi, a kuma sa ya tsare dabbar a sa mata ido kwana 10, ba tare da an jinkirta allurar yaron ana jiran sakamako ba. Idan har an riga an kashe karen, kada a jefar da shi a juji. A kira likitan dabbobi ya ɗauki kan domin a aika Vom a gwada.